Yadda ake sanyaya zoɓo da kunu bayan an sauke, ba tare da ruwa ko ƙanƙara sun gurɓata su ba

Duk wadda ta saba dafa zoɓon sayarwa, ko na buɗa-baki a gida mai yawan jama'a, ta san wahalar ba a kan wuta take ba. Bayan an sauke take farawa: ga lita 20 na tafasasshen abu a gabanki, la'asar ta yi, masu saye ko masu azumi kuma sanyi suke jira. A cikin wannan gaggawa ake fasa ƙanƙarar bakin titi a zuba, a sirka da ruwan 'yan garuwa, a tace da ƙyallen da aka tace na jiya. Alhali a daidai lokacin da kika sauke tukunyar nan, babu abin da ya kai ta tsabta a kicin ɗinki, don tafasa ta riga ta kashe ƙwayoyin kwalara da taifot da sauran waɗanda ruwa ke ɗaukowa. Abin da zai kwantar da mai sha, kusan kullum daga baya yake shiga.

Maganar ba ƙarama ba ce. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta lissafa sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne a kan gaba. A 2024, da cutar ta ɓarke a Legas, jami'an lafiyar jihar sun danganta wani ɓangare nata da wani kunun aya da ake sayarwa ba rajista. Ba na son ko mace ɗaya mai neman halalinta ta zama sanadin irin wannan ba da saninta ba.

Abu ɗaya nake so ki riƙe kafin mu shiga matakai. Ruwan aikin nan iri biyu ne. Akwai ruwan ciki, wanda zai shiga cikin abin sha ko ya taɓa shi, har da ƙanƙarar da za a jefa da ruwan ɗauraye ludayi. Akwai ruwan waje, wanda aikinsa kawai ya janye zafi daga jikin tukunya. Ruwan ciki dole ya zama wanda za ki iya ba jaririnki. Ruwan waje ko na rijiya ne ya yi, da sharaɗin ko ɗigo ɗaya bai faɗa ciki ba.

Me ya sa ake hanzari

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selsiyos, kuma idan sun samu ɗumi irin na jikin mutum da ruwa mai sukari, wasunsu na ninka yawansu duk bayan minti 20. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. Ƙa'idar gidajen abinci a Amurka ta ƙara fayyacewa: a sauko da shi daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa 2, ya kuma kai digiri 5 kafin awa 6 ta cika gaba ɗaya. Babbar tukunya da aka bari a rufe ta huce da kanta a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ba za ta ko kusanci wannan ba. Sai ta wuni da ɗuminta.

Mataki na farko: ruwan ciki, tun daren jiya

Ki auna ruwan da za ki buƙata na sirki da na ƙanƙara, ki ɗora shi a wuta har ya tafasa sosai yana juyawa, ki bar shi minti 1 cikakke a haka. Ki rufe, ya huce a tukunyar da ya tafasa, sannan ki tsiyaye shi cikin jarka mai ƙaramin baki da murfi. Ƙaramin bakin na da muhimmanci: randa ko bokitin da ake tsoma moɗa a ciki yana sake ɗaukar datti daga hannu na farko da ya shiga.

Idan itace ko gas ya yi tsada, sinadarin kulorin na tsabtace ruwan sha yana aiki, irin su WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs. Ki bi awon da aka rubuta a jiki, ki jijjiga, ki jira minti 30 kafin ki taɓa. Ruwan da ya yi gurɓi sai an bar shi ya kwanta an tsiyaye na sama tukuna, domin laka na cinye ƙarfin kulorin. Alif yana kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗuwa. Haka ruwan burtsatse: yana iya fitowa da tsabta daga ƙasa ya lalace a tankin da ba a wankewa, ko a jarkar mai kura. Rijiyar da ke kusa da masai kuwa, wadda tazararsu ba ta kai mita 30 ba, ruwanta na waje ne sai an tafasa, musamman da damina.

Daga wannan ruwa za ki yi ƙanƙararki. Ki zuba a robobi masu murfi da aka wanke, ki bar ɗan sarari a sama don ruwa na kumbura kusan kashi ɗaya cikin goma idan ya daskare. Ragowar ki sa a firji ya kwana.

Mataki na biyu: kayan aiki

Wanki daban, kashe ƙwayar cuta daban, kuma ana yin su a jere. Ki wanke rariya, ludayi, mazurari, bokitin juyewa, robobi da murafunsu da sabulu har sai babu santsi ko sauran launi. Abin da ke jure zafi, kamar rariyar ƙarfe da ludayi da ƙyallen tata, ki tsoma su cikin tafasasshen ruwa su yi minti 5. Na roba ki jiƙa su a ruwan bilic marar ƙamshi, ƙaramin cokali ɗaya a kowace lita ta ruwa, minti 2, ki kife su a kan tire mai tsabta su tsane. Kada ki goge da tsumma. Idan warin ya dame ki, ki ɗauraye da ruwan ciki kawai. Kuma kada bilic ya haɗu da ɗan tsami ko lemon tsami ko shi kansa zoɓon, domin haɗuwarsu na fitar da iska mai guba.

Robobin ruwa da ake tsintowa a wajen biki da tasha a sayar wa masu zoɓo, ra'ayina a kansu a fili yake: idan da hali a sayi sababbi. Ba ki san bakin da ya sha ba, ba ki san abin da aka zuba a ciki bayan nan ba. Idan babu yadda za a yi, a ware duk mai ƙarje ko wari a yar, a wanke sauran da buroshi har cikin zaren murfi, sannan a yi musu ruwan bilic.

Mataki na uku: duk abin da zai iya shiga da zafi, ya shiga da zafi

Ki dafa zoɓon da kauri, wato da rabin ruwan da kike so a ƙarshe. Lita 10 ta fi lita 20 saurin hucewa, sauran rabin kuma zai fito daga ruwan cikin da kika sanyaya. Citta, kanumfari, masoro da ɓawon abarba duk su dahu tare. Ki tace tun yana tururi, ki zuba sukari nan take ya narke. Masu jira sai ya huce su tace, su matse da hannu, su juya sukari, suna buɗe ƙofa uku a lokacin da babu sauran zafin da zai kare shi. Kokwamba ko abarbar da kike son markaɗawa ɗanye, ki wanke da ruwan ciki, ki fere, ki zuba su a mintunan ƙarshe na tafasa ko nan da nan bayan tata.

Tsamin zoɓo kariya ne babba, shi ya sa ya fi kunu jimiri. Wadda ke zuba kanwa ko hodar burodi don kashe tsamin ta rage wannan kariya, sai ta ɗauki zoɓonta tamkar kunu wajen hanzari. Tsamin kuma yana cin tukunyar dalma, don haka da zarar an tace a juye cikin mazubin ƙarfen da ba ya tsatsa.

Mataki na huɗu: ruwan waje ya fara, ƙanƙara ta ƙarasa

A nan ake asarar kuɗi a banza. Kilo 1 na ƙanƙara idan yana narkewa yana shanye zafin da zai sauko da lita 1 ta ruwa da digiri 80. Idan kika yi lissafi, sauko da lita 20 daga tafasa zuwa digiri 5 da ƙanƙara zalla zai ci sama da kilo 20. Amma idan ruwan rijiya ko na famfo ya fara sauko da shi zuwa digiri 35, kilo 7 zuwa 8 ya isa. Ruwa ba ya sanyaya abu ƙasa da zafin jikinsa, kuma ruwan tankin da ke kan rufi da bazara ya kan haura digiri 30, saboda haka iyakarsa ke nan. Daga nan sai ƙanƙara.

Ga yadda za ki yi. Ki sa mazubin cikin babban baho, ki zuba ruwan waje a hankali ta gefen bahon, ba daga sama ba, har ya kai daidai tsayin zoɓon da ke ciki. Ya zama akwai tazarar aƙalla faɗin tafin hannu tsakanin saman ruwan da bakin mazubin. Ki lura kada mazubin ya taso yana yawo, don haka yake karkacewa ya kwankwaɗi ruwa. Murfi ya zauna a kai. Duk bayan minti 5 ki ɗaga, ki juya da ludayin da kika tafasa, ki mayar. Ludayin ya zauna a ciki ko a kan faranti mai tsabta, kuma hannun da ya taɓa ruwan baho ba ya ɗaga murfi sai an wanke shi da sabulu an tsane. Juyawar nan ita ce rabin aikin, don idan ba a motsa ba gefe ne kawai ke hucewa, tsakiya na nan da zafinsa. Ruwan bahon ma a riƙa motsa shi, idan ya yi ɗumi a kwashe a canza. Sau 2 ko 3 ya kan isa, kuma ruwan ɗumin da kika kwashe ya yi wanke-wanke.

Idan kin taɓa jikin mazubin kin ji ɗumi kaɗan ne ya rage, sai ki canza ruwa na ƙarshe ki fasa ƙanƙarar kasuwa a cikin bahon. Wurinta ke nan, a waje. Ko kuma ki yi sirki da kayanki: lita 10 ta zoɓo mai kauri a digiri 35, da lita 7 ta ruwan cikin da ya kwana a firji, da kilo 3 na ƙanƙarar da kika yi da kanki, za su ba ki lita 20 a wajen digiri 7. Idan da a kan tafasasshen kika zuba ruwan sanyin rabi da rabi, da a wajen digiri 50 zai tsaya, inda ba a so.

Kafin ki juye, ki ɗaga mazubin daga baho ki goge bayansa da gindinsa da tawul mai tsabta har ya bushe. Mutane da yawa sun kiyaye komai, sai a nan ruwan baho ya gangaro ta jikin tukunya ya ɗiga cikin bokitin juyewa.

Kada a cusa babbar tukunya mai zafi a firji. Tsakiyarta ba za ta yi sanyi da wuri ba, kuma za ta ɗumama nama da madarar da ke kusa. Idan firjin ne kaɗai abin da kike da shi, ki rarraba a mazubai masu faɗi, zurfin bai wuce yatsu huɗu ba. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi sosai da rani, amma ba ta kai digiri 5. Ta dace da abin da za a shanye a ranar.

Ƙanƙara

Daskarewa ba ta kashe ƙwayar cuta. Kwantar da ita kawai take yi, idan ƙanƙara ta narke ta farka. Ƙwayar taifot da ta ciwon hanta mai kawo shawara suna daɗewa a cikin ƙanƙara da ransu. Mai sayar da ƙanƙara ba lallai ne ya san asalin ruwansa ba, sannan ga buhu, ga dusar katako, ga ƙasan kura, ga hannuwa. Ko fiya wata ce aka daskarar, mai lambar NAFDAC, lambar ruwan ciki take nufi, ba bayan ledar ba. Idan za ki yi amfani da ita a ciki, ki wanke ledar da sabulu, ki ɗauraye da ruwan ciki, ki yanka da wuƙa mai tsabta, ki zazzage ƙanƙarar ba tare da ledar ta shiga ba.

Sai kular sayarwa. Ƙanƙara ta narke, ƙullin zoɓo na iyo a cikin ruwanta, yaro ya saya ya ciji bakin leda. Ya sha ruwan ƙanƙarar ke nan, duk tsabtar da kika yi a gida ta tafi. Ki sa ƙullin cikin babbar leda mai kauri ko roba mai murfi, ƙanƙara ta kewaye ta waje. Robobi su tsaya a tsaye, murfinsu sama da ruwa, ana tsiyaye narkakken ruwan lokaci zuwa lokaci.

Dabarar bututu, da inda ba za a kwaikwaya ba

Cikin waɗanda suka yi nazarin wannan mataki sosai akwai masu haɗa giya a gidajensu a Amurka da Ingila, domin su ma ruwan tsiron sha'ir mai zaƙi suke tafasawa, kuma dole su sauko da shi wajen digiri 20 da sauri. Abin da suke haɗawa ba shi ne a gabanmu ba, amma dabarar sanyayawar za ta amfani mai dafa lita 50 zuwa sama. Suna naɗe dogon bututun ƙarfe, su tsoma shi a tukunya minti 10 zuwa 15 kafin a sauke don tafasa ta tsabtace shi, sannan su haɗa tiyo, ruwan sanyi ya shiga ta baki ɗaya ya fita ta ɗayan da zafi. Ruwan bai taɓa abin da ke cikin tukunya ba, don haka ruwan waje ne. Haɗarinsa a mahaɗar tiyo da bututu yake. Ya zama bakunan bututun sun lanƙwaso waje sun kalli ƙasa, ta yadda ko ya yi yoyo a ƙasa zai ɗiga. A gwada shi da ruwa kafin a ɗora tukunya, a ɗaure mahaɗar tamau, a buɗe famfo a hankali, a kuma yi hattara da ruwan farko da zai fito don yana ƙuna.

Yawancin nasu na jan ƙarfe ne, kuma a nan za mu rabu. Dokar abinci ta Amurka ta hana jan ƙarfe taɓa abinci mai tsami, ta yi togaciya ga masu giya kawai kafin yis ya fara aiki da lokacin da yake aiki, don yis ɗin na janye abin da ya narke. Zoɓo ya fi ruwansu tsami nesa ba kusa ba, babu kuma yis. Jan ƙarfe a cikin zoɓo ko tsamiya zai narke ya jawo amai da ciwon ciki. Idan za ki sa a ƙera miki, sai na ƙarfen da ba ya tsatsa. Tiyon ban ruwa kuma na ruwan waje ne kaɗai, kada a ɗebi ruwan ciki da shi.

Kunun zaki da kunun aya

Kunun zaki ya fi zoɓo buƙatar kulawa, domin wani ɓangarensa ba ya ganin wuta sam. Ana dama kaso mafi yawa na ƙullu da tafasasshen ruwa, a bari ya ɗan huce, a zuba ɗanyen ƙullun da ke da dankali ko tsiron hatsi, shi ne zai tsinka kaurin ya fito da zaƙi. Abin da ke wannan aiki a cikin dankali da tsiro ya fi ƙarfi tsakanin digiri 60 da 70, idan zafi ya haura 80 kuma ya mutu. Saboda haka kada ki sirka da ɗanyen ruwa don ya huce, kada kuma ki bari ya yi sanyi. Ki sa tukunyar a baho kina juyawa na 'yan mintuna, ki zuba ɗanyen ƙullun tun tururi na tashi. Ma'aunin zafi na kicin zai raba ki da kintace. Yatsa ba ya shiga.

Ki tafi wajen markaɗe da ruwanki, ki sa a ɗauraye injin da shi kafin a zuba naki. Bayan kunun ya kwana, da safe ki tace da ruwan ciki mai sanyi, ki sa a sanyi nan take. Hatsi na ɗauke da wata ƙwaya, Bacillus cereus, wadda ke tsira daga tafasa ta farfaɗo idan kunu ya daɗe da ɗumi, kuma gubar da take fitarwa ba ta mutuwa ko an sake dafawa. Tsamin kwana ɗaya na taimakawa, amma ba ya gyara gurɓataccen ruwa.

Kunun aya ba a dafa shi, ba shi da tsami, shi ya fi duka saurin lalacewa. Bayan kin jiƙa kin wanke aya, ki tsoma ta a tafasasshen ruwa minti 2, dabino da kwakwa ma haka, ki markaɗa da ruwan ciki mai sanyi, ki tace, ki kai firji kai tsaye. A shanye a ranar.

Ɗurawa da ajiya

Robar ruwan sha mai lamba 1 a gindi tana lanƙwashewa tun zafi bai kai digiri 70 ba, don haka sai abin sha ya huce ake ɗurawa. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɗura da mazurari, ki rufe kowace roba nan take. Kada a hura leda da baki don ta buɗe. Wadda ke gudawa ko amai, ko mai ƙurji a hannu, ta bar wa wata aikin ranar.

Idan an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kuma har kwana 2. Ki rubuta ranar dahuwa a jikin kula ko murfi, kada ki haɗa sabo da na jiya.

Idan kin ga ruwan baho ya fantsama cikin zoɓo, ko ba ki tabbata ba, ki mayar da shi wuta ya tafasa minti 1, ki sake sanyayawa daga farko. Launin zai ɗan dushe, ba wani abu ba. Wannan gyara na abin da aka gano nan take ne. Kunun da ya wuni a zafi, ko robar da ta kumbura tana huci idan an buɗe, zubarwa ake yi, ba a ɗanɗanawa kuma ba a ƙara masa sukari.